Yaya, na zuba albashin wata biyu a gem kuma har yanzu ana lallasa ni

Saƙon wannan makon daga wani ƙanenmu ne, ya ce a sakaya sunansa, ni kuma na cire sunan gem ɗin. Ga abin da ya rubuto:

"Salamu alaikum Yaya, da fatan kana lafiya. Wallahi abin da ke damuna kunyar faɗa ma nake ji don dariya za a yi min. Shekarata biyu ina buga wani gem na ƙwallo a waya, da farko ko sisi ban taɓa sa masa ba kuma ina cin mutane daidai gwargwado, muna da guruf mu takwas muna gasa duk ƙarshen sati. Sai wata rana aka kawo ofa mai arha na ce bari na gwada sau ɗaya. Yau wata tara kenan, jiya na zauna na bi alat ɗina na ga abin da na zuba ya kusa albashina na wata biyu, kuma har da kuɗin da yayata ta ba ni ajiya, na taɓa kusan rabi ba ta sani ba. Abin takaicin har yanzu ban samu ɗan wasan da nake nema ba, wani yaro a guruf ɗin da ko fasin bai iya ba ya buɗe fakiti uku ya same shi, yanzu shi ke lallasa ni yana turo min sitika na dariya. Duk sanda na kusa kamo su sai a fito da sababbin kati da suka fi nawa. In ban biya ba sai na yi sati uku ina tara koyin ɗin da mai kuɗi zai saya a minti ɗaya. Yanzu an sa wata ofa ta kwana uku, zuciyata na ce min in yi na ƙarshe ko zan dace in huta. Ni ne ban iya ba ko maguɗi ake min? In goge ne in yi asarar duk abin da na zuba, ko in yi wannan na ƙarshen? Kuma ya zan yi da maganar kuɗin yayata?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai, kar ka sayi ofar nan. Na fara da wannan ne saboda agogonta na tafiya kuma na san kana karanta amsata kana leƙa wayar. Kwana ukun nan da suka rubuta da jan rubutu yana ƙirga kansa sakan bayan sakan, ba don kayan za su ƙare ba ne, katin ɗan wasa a gem ai ba shi da sito balle ya ƙare, lamba ce a kwamfutarsu, in sun ga dama su buga miliyan ɗaya yanzu yanzu. An sa agogon ne don kar ka samu lokacin yin abin da ka yi jiya, wato zama da lissafi. Kuma in wannan ta wuce wata na nan tafe, ka duba da kanka, cikin wata taran nan sau nawa ka ga "dama ta ƙarshe"?

Dariya kuma ni ba zan yi maka ba, don nima na taɓa. Nawa ba na ƙwallo ba ne, irin wanda ake gina gari ne a tara sojoji, ka danna gini a ce maka sai nan da kwana shida zai kammala, amma ga wani ɗan koren maɓalli a gefe da zai gama maka shi yanzu in ka ba da daimon. Akwai daren da na sa alam ƙarfe uku don kar maginina ya zauna ba aiki, na farka ido a kumbure ina danna waya cikin bargo, washegari a wurin aiki ina gyangyaɗi. Sanda na gaji da tashin dare sai na fara sayen daimon ɗin, a raina ina cewa ai barcina nake saya. Sai daga baya na tambayi kaina, toh waye ya ce ginin sai ya yi kwana shida? Ba siminti ake jira ya bushe ba. Wani ne ya zauna a ofis ya rubuta shida, da ya rubuta minti shida haka zai zama.

Wannan shi ne amsar tambayarka ta farko. Sati ukun da kake yi kana tara koyin wani ne ya auna shi, ya ja shi daidai inda zai ishe ka amma ba zai kore ka ba. Shi ya haƙa ramin kuma shi ke tsaye a bakin ramin yana sayar da tsani. Takaicin da kake ji shi ne hajar da ake sayar wa maganinta, in ka daina jin takaici shagon ya mutu.

Kuma ba zargi nake ba, abin ya taɓa fitowa fili. A 2017 aka fitar da wani gem mai suna Middle-earth: Shadow of War, wanda mutum zai saya da cikakken kuɗinsa, amma duk da haka akwai kasuwa a ciki inda za ka sayi akwatunan mayaƙa, kuma ɓangaren ƙarshe na gem ɗin doguwar wahala ce, ka yi ta maimaita yaƙi iri ɗaya. Mutane suka yi ta surutu. A 2018 masu gem ɗin suka rufe kasuwar gaba ɗaya, da bakinsu suka amsa cewa sayen mayaƙa na ɓata asalin daɗin wasan, kuma a gyaran da suka cire kasuwar suka rage tsawon wannan ɓangaren na ƙarshe. Ka ga abin? Da aka daina sayar da gajeriyar hanya sai doguwar ma ta gajarce. A shekarar ta 2018 Assassin's Creed Odyssey ya fito yana sayar da wani abu kusan dala 10 da zai ƙara maka saurin hawa lebul da kashi 50 cikin ɗari, a gem ɗin da ka riga ka biya dala 60. Wato ka sayi abu don ka buga, sannan ka sake biya don ka rage buga shi. Ni har yau in na tuna wannan sai na yi dariya ni kaɗai.

Wanda ya fi yin ƙara shi ne na Star Wars Battlefront II a Nuwamban 2017. Masu wasa suka yi lissafi suka ga kafin mutum ya buɗe Darth Vader, ɗaya daga manyan jaruman gem ɗin, ba tare da ya ƙara kuɗi ba sai ya yi wajen awa 40 yana bugawa. Kamfanin EA mai gem ɗin ya fito a dandalin Reddit ya ce manufarsu ita ce mai wasa ya ji alfahari da gamsuwar cewa guminsa ne ya ba shi, kai jama'a, amsar nan ta sha dannawar ƙi sama da 600,000, ba a taɓa ganin irinta a dandalin ba. Suka rage farashin jaruman da kashi 75 cikin ɗari, ana gobe fitowar gem ɗin kuma suka kashe sayayyar cikinsa na wani lokaci. Na kawo maka wannan ne don ka san haushin da kake ji ba naka ne kai kaɗai ba kuma ba ƙaramin tunani ba ne. Abin mamaki a 2006 sanda kamfanin Bethesda ya sayar da sulken doki a gem ɗinsa Oblivion kan dala biyu da rabi, duniyar masu gem gaba ɗaya ba'a ta yi mata, wai wa zai sayi kwalliyar doki. Yau ga inda muke. EA da kanta ta bayyana cewa a shekarar kuɗinta ta 2021 ɓangaren Ultimate Team, wato inda ake buɗe fakitin 'yan wasa, ya kawo mata dala biliyan 1.62.

Toh maguɗi fa, wato ko gem ɗin na sa golanka ya yi barci da gangan in ka kwana biyu ba ka saya ba? Duk mai buga ƙwallon gem ya rantse ya taɓa ganin haka, minti na 90 difenda ya tsaya kamar an dasa shi. Abin da ke rubuce shi ne, a 2017 kamfanin gem na Activision ya samu rajistar wata fasaha ta haɗa ƙaramin ɗan wasa da gwani mai riƙe da kayan kuɗi don ƙaramin ya yi sha'awar saya, amma kamfanin ya ce bincike ne kawai bai sa ta a wani gem ba. A Amurka kuma wasu sun kai EA ƙara a 2020 kan zargin tana juya wahalar wasa don a sayi fakiti, a 2021 suka janye bayan an ba su dama sun gana da injiniyoyin kamfanin. Shawarata kar ka ɓata ranka a kan wannan, domin ko babu maguɗin ɓoye na filin ma ya isa. Ka ce duk sanda ka kusa kamo su sai a fito da kati da suka fi naka. Ai dole. In katin da ka saya a watan jiya ya ci gaba da zama zakara, me za su sayar maka a watan gobe? Kuma a irin Ultimate Team ma in sabuwar shekara ta zo da sabon gem, tim ɗinka gaba ɗaya a tsohon yake zama, daga farko za ka sake.

Yanzu maganar yaron nan mai sitika. Na san ita ta fi ci maka rai, ta fi kuɗin ma. Ya buɗe uku ya samu, kai ka buɗe Allah kaɗai ya san nawa ba ka samu ba, sai zuciya ta ce maka ai layinka ya kusa zuwa. Babu layi ƙanena. Shiga shagon gem ɗin ka nemi ɗan ƙaramin rubutun da ke nuna kason samun kowane kati, yana nan, don China ta tilasta bayyana shi tun 2017, Apple ma ta sa dokar a ƙarshen 2017, Google Play ta bi a 2019. Manyan katuna sau da yawa za ka ga an rubuta ƙasa da kashi 1 cikin ɗari. Mu ɗauka ma kashi 1 ne cif. Mutane na zaton in ka buɗe ɗari dole ka samu, ba haka lissafin yake ba, in babu tsarin tabbas a fakitin kowane buɗi sabo ne fil, bai san ka buɗe wani jiya ba. In mutum ɗari suka buɗe fakiti ɗari ɗari, kusan 37 daga cikinsu za su tashi hannu rabbana. Fakiti ɗari fa. Kuma waɗannan 37 ɗin ba sa ɗaukar hoton sikirin su tura guruf, wanda ya dace ne kaɗai ke turawa, shi ya sa kake ganin kamar kowa na samu sai kai.

Wasu gem ɗin suna da tabbas, kamar Genshin Impact, inda damar samun babban jarumi take kashi 0.6 cikin ɗari a kowane ja amma in ka kai ja 90 dole a ba ka ɗaya, sai dai ko a nan ɗin zai iya zama ba wanda kake nema ba, sai ka sake wani zagayen. Kuma tabbas ɗin kansa wani ƙugiya ne, mutum ya kai ja 60 ya ga saura 30 kacal, wa zai iya tsayawa? A Janairun 2025 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sa kamfanin gem ɗin ya biya dala miliyan 20, cikin zargin har da cewa yadda ake canza kuɗi zuwa wani kuɗin gem, shi ma a canza shi zuwa wani, yana ɓoye wa mutane ainihin abin da suke kashewa.

Wannan canjin kuɗin ka lura da shi sosai, don shi ya sa ka kai wata tara ba ka ankara ba. Ba a taɓa rubuta maka farashi da kuɗin da kake karɓar albashi da shi, sai dai koyin ko daimon ko wani suna mai ƙyalli. A misali fakiti na koyin 1,200, amma koyin ɗin ana sayar da shi 1,000 ko 2,500, dole ka ɗauki babban, ka buɗe biyu, ragowar 100 ta zauna a saman sikirin tana kallonka kullum, ba ta isa komai ba kuma zubar da ita asara ce, sai ka ƙara. Sannan biyan kansa ɗora yatsa ne kawai, ɗan yatsan da kake buɗe waya da shi sau ɗari a rana. Da a ce duk saye sai ka ƙirgo takardun kuɗi ka miƙa wa mutum hannu da hannu, wallahi da tun wata na biyu ka tsaya. A Disamban 2022 Epic Games mai Fortnite ta amince ta biya dala miliyan 245 don a mayar wa mutane, kan zargin FTC cewa an tsara maɓallan yadda mutum zai sayi abu da dannawa ɗaya ba da niyya ba.

Shi kuma buɗe fakitin, ka tuna yadda yake. Sikirin ya yi duhu, haske ya fara fitowa, a nuna maka tutar ƙasa, a ɗan jira, a nuna lambar da yake bugawa, gabanka na faɗuwa don tutar ta yi daidai da ta wanda kake nema, sai kulob ya fito ka ga wani ne daban. Sakan goman nan aka sayar maka. Tun shekarun 1950 masanin halayyar nan B. F. Skinner ya nuna da tantabaru cewa in abinci na fitowa ba a san yaushe ba, wani lokaci bayan saƙa biyu wani lokaci bayan hamsin, tsuntsun ya fi nacewa da saƙar maɓallin fiye da in yana fitowa a ƙa'ida, kuma ko an daina ba shi yana daɗewa bai haƙura ba. Injin caca a kan wannan yake tafiya. Shi ya sa a Afrilun 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi caca ne a dokarsu, har EA ta daina sayar da kuɗin cikin gem ɗinta na ƙwallo, FIFA, a ƙasar a farkon 2019. Wasu ƙasashen ba su kira shi caca ba saboda a hukumance ba ka iya fitar da abin da ka ci ya zama kuɗi. Ni dai a wurina wannan ya ma fi muni, mai caca ko ba komai wata rana yana iya dawowa gida da wani abu a aljihu, kai ko ka ci hoto ka ci.

Kuma ina so ka san matsayinka sanda ba ka biya. Yawancin kuɗin irin waɗannan gem ɗin daga 'yan tsirarun mutane yake fitowa masu kashe maƙudai, a cikin sana'ar har suna gare su, sunan ƙaton kifin nan na teku, wel. Mai kashe maƙudai kuwa yana buƙatar wanda zai lallasa, in ba haka ba me ya saya? Toh masu buga kyauta su ne abincinsa. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Wanda ya fi shan wuya kuma shi ne na tsakiya irinka, ya biya abin da ya ji a jikinsa amma bai kai ya zama wel ba.

Kar ka ɗauka ina cewa duk wanda ya sayar da abu a gem azzalumi ne. Masu yin gem ma'aikata ne, sabar da kuke haɗuwa a kai kuɗi take ci, wanda ya ba ka abu kyauta dole ya nemi inda zai fanshe. In riga ce ko rawa ko kalar bindiga da ba ta ƙara wa kowa ƙarfi, ka ga farashi ka ga abin da za a ba ka, wannan ciniki ne, in kana da hali ka saya ba ruwana. Ko batil fas ɗin nan, wato tikitin da kake saya ka dinga samun lada in kana bugawa cikin wani wa'adi, da gem ɗin Dota 2 ya fara a 2013 Fortnite ya yaɗa shi, da sauƙi, duk da shi ma yana da nasa, ka biya sannan ya koma yana ba ka aikin kullum kamar ubangidanka, in ka yi fashi ladan da ka biya ya wuce. Inda na ja layi shi ne sayar da ƙarfi a wasan da mutum ke karawa da mutum, da sayar da abin da ba ka san me ke ciki ba. Naka gem ɗin ya haɗa biyun.

Sai tambayar gogewa. Ka ce in ka goge ka yi asarar abin da ka zuba. Ƙanena asarar ta riga ta faru, ranar da alat ya shigo ta faru. Ko ka ci gaba ko ka bari albashin wata biyun nan ba ya cikin wayar, abin da ke ciki izinin amfani ne da wasu hotuna har ranar da kamfanin ya ga dama. Kamfanin Ubisoft ya kashe sabar The Crew a ƙarshen Maris 2024, gem ɗin da mutane suka saya da kuɗinsu tun 2014, ya daina buɗuwa kwata kwata. Don haka cire tsohon kuɗin daga lissafi, tambayar da ta rage ita ce daga yau kana jin daɗin bugawa ko ba ka ji. Ka ce da farko ba ka sa ko sisi ba kuma kana cin mutane, kenan ka iya, kuma ina zargin a lokacin ka fi jin daɗi.

Ba sai ka goge yau ba, amma yau ɗin nan ka cire katin bankinka daga Google Play ko Apple, duk wanda kake amfani da shi, ka kashe biya da yatsa ka mayar da shi sai an rubuta faswod. In iPhone ce akwai inda ake kulle sayayyar cikin manhaja gaba ɗaya da lambar sirri, ba wani aminin ka ya sa lambar kar ya faɗa maka. Kashe sanarwar gem ɗin ma, don ita ke zuwa ta taɓa ka da rana tsaka. Sannan ka ba kanka wata ɗaya cur ba saye. In ka ga kana iya shiga ka buga ka fita lafiya, shikenan. In kuma ka tsinci kanka ƙarfe ɗaya na dare kana neman katin kana sake rubuta lambobinsa, toh ka samu amsarka, goge shi, kuma kar ka ji kunyar gaya wa wani babba ko likita in abin ya fi ƙarfinka, Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta sa matsalar kasa sarrafa buga gem cikin jerin cututtukan da ta sani. Ba ina ce kana da ita ba ne, amma taɓa kuɗin amana alama ce da ba a wasa da ita.

In akwai sayen da ka yi cikin kwana biyun nan, gwada neman a mayar maka, Google Play na karɓar irin wannan buƙatar cikin awa 48, Apple ma na da shafin kai ƙorafi, ba dole su yarda ba musamman in ka riga ka kashe koyin ɗin. Amma kar ka je banki ka ce ba kai ka yi sayayyar ba, ƙarya ce, kuma ana rufe akawun a kan haka. Masu cewa ka sayar da akawun ɗin ka rage zafi, ka sani yawancin gem dokarsu ta hana, kuma wurin cike yake da 'yan damfara, za ka miƙa faswod ka ji shiru. Haka masu tallan koyin mai arha a inbos.

Guruf ɗinku kuma, ku takwas ne, ina tabbatar maka ba kai kaɗai ke ciki ba, akwai aƙalla mutum biyu da ke zuba kuɗi suna shiru irin naka. Kawo shawara a mayar da gasar ƙarshen sati ta zama da kulob na asali da gem ɗin ya zo da su, ko a sa iyakar ƙarfin tim da ba wanda zai wuce. Faɗe ta cikin raha, ka ce a zo a ga wa ya iya da hannunsa. Wanda ya ƙi ya tona kansa. Yaron nan kuma bar shi da sitikarsa, nan da wata biyu katinsa zai tsufa shi ma ya shiga layin da ka fito. In kuma wata rana kana son gem da ba zai dinga miƙo maka hannu ba, akwai waɗanda ake biya sau ɗaya a gama, irin Stardew Valley da yake har a waya, ko Baldur's Gate 3 na 2023 in kana da kwamfuta mai ƙarfi, ba shago a cikinsu.

Na bar maganar yayarka a ƙarshe don ita ce babba, ita ce ma ainihin abin da ya sa ka rubuto ko da ka sa ta a layin ƙarshe. Ina jin tsoron ofar nan a ranka ta haɗu da kuɗinta, wato in na samu ɗan wasan sai na tsaya na fara biya. A'a. Ka same ta a satin nan tun kafin ta nema, don in ita ta fara cewa kawo ajiyata ka fara kame kame, ciwon zai ninka, kuɗi ana mayarwa amma ta gano da kanta wani abu ne daban. Kar ka tura mata a rubuce, je ka zauna gabanta. Ka ce Yaya na yi miki laifi, na taɓa ajiyarki, kaza na ci, ga rabin da ya rage na kawo miki ki riƙe a hannunki, sauran zan biya kaza duk wata daga albashina har wata kaza. Ka je da lissafin a rubuce a takarda da kashin farko in kana da shi ko yaya yake. In ta tambayi me ka yi da su, faɗa mata gaskiya, gem ne. Za ta yi faɗa, wataƙila ta ce gem kamar wani ƙaramin yaro, wataƙila ta kwana biyu ba ta ɗaga wayarka ba, ka shanye, kar ka ƙirƙiro rashin lafiya ko bashin aboki don ka ji da sauƙi. Kuma ranar da albashi ya shigo nata za ka fara turawa kafin ka buɗe komai a wayar.

In ka yi magana da ita ka sake rubuto min in ji yadda kuka ƙare.